Suga a Ruwan Kifi: Daga Tankin Murjani Zuwa Gidajen Tarwada na Dutsin-Ma da Kurfi

[Kiɗan buɗe shiri, ya sauka a hankali]

 

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake kiwon tarwada, a nan Dutsin-Ma ko can Kurfi, ya san aikin asuba. Kafin rana ta ɗaga, mai kifi ya zare bututu, ruwa baƙi-baƙi mai ƙarni ya bi kwata ya fice, sannan a tayar da janareta a jawo sabo daga rijiyar burtsatse. Jibi a maimaita. In kifi ya yi girma ma, kullum ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, canjin ruwa ya koma cikin manyan abubuwan da ke cinye ribar mai kifi, bayan abinci.

Ruwan kuma ba a banza yake samuwa ba. Ƙasarmu a kan dutse take zaune, sunan garin Dutsin-Ma kaɗai ya isa shaida, kuma rijiyar da aka haƙa cikin dutse takan ja baya da zarar bazara ta kama. Muna da madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170, kuma masunta suna cin abinci a cikinta. Amma mutumin da tankinsa na siminti ko na tamfol yake bayan ɗakinsa a cikin gari, ko a Birchi, ko a Wurma, yawan ruwan Zobe bai rage masa ko kwabo a kuɗin mai ba.

To, a 'yan shekarun nan wata magana ta shigo ta waya. Matasa suna tura wa juna bidiyo, ana cewa in ka zuba suga a ruwan kifi, ka huta da canjin ruwa. Wasu sun yi dariya, wasu sun gwada sun yi asara, wasu kuma suna tambaya. Maganar tana da tushe na ilimi mai ƙarfi. Tana kuma da sharaɗi ɗaya wanda masu bidiyon ba su cika tsayawa a kansa ba, kuma saboda wannan sharaɗin muka shirya shirin yau.

[Kiɗa, gajere]

Bari mu fara daga nesa, daga wajen mutanen da suka fi kowa tsananta wa ruwa.

Iyayenmu mata sun san murjani, jan dutsen ado da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga tekun Bahar Rum. Sunansa ya zo a Suratur Rahman. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne murjani halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne da suke gina wa kansu gida mai tauri a ƙarƙashin teku. Danginsa na tekuna masu ɗumi sukan haɗu su gina tudu guda, kamar wanda yake gaɓar Ostireliya mai tsawon fiye da kilomita 2,000. A Jamus da Amurka da Japan akwai masu sha'awar rainon wannan murjani a cikin ɗaki, a tankin gilashi cike da ruwan gishiri. Wani tankin bai wuce lita 40 ko 100 ba, wato jarka biyu zuwa biyar.

Matsalarsu irin tamu ce. Suna ba 'yan kifayen da ke ciki abinci, kifi ya yi kashi, sauran abinci ya ruɓe, sai sinadarai biyu su taru, naitiret da fosfet. Manomi ya san su ko da bai san sunan ba, domin su ne harafin N da harafin P da ke jikin buhun takin NPK. A gona alheri ne. A tankin murjani kuwa, in suka yi yawa, gansakuka ce take samun taki, ta rufe duwatsu, murjani ya dushe ya koma ruwan ƙasa, girmansa ya tsaya. Ga shi ruwan da za su canza sai an tace shi an haɗa shi da gishiri na musamman mai tsada. Ƙaramin tanki kuma ba ya da haƙuri, kuskure kaɗan yake juya shi.

A farkon shekarun 2000 wata dabara ta bazu a tsakaninsu, musamman daga Jamus: a riƙa ɗiga wa ruwan abin da ke ɗauke da sinadarin kabon mai saurin narkewa. Wasunsu barasar bodka suke ɗigawa, abin da mu ba mu da hulɗa da shi, kuma babu buƙatarsa, domin ruwan khal da suga suna yin aikin. Ku ji ƙanƙantar abin da suke farawa da shi: ƙasa da mililita 1 na ruwan khal a lita 100 na ruwa a rana, abin da bai kai rubu'in ƙaramin cokalin shayi ba. Sai su auna ruwan, su jira mako, su ƙara kaɗan, su sake aunawa. Ranar da naitiret ya fara sauka, sai su daina ƙarawa, in ya kusa ƙarewa su rage.

Ba kifi suke ba wa ba, ba murjani ba. Ƙwayoyin bakteriya suke ciyarwa, waɗanda ido ba ya gani, waɗanda suke cikin kowane ruwa. Ƙwayar nan tana son ta hayayyafa, kuma jikinta da abu uku ake gina shi: kabon da yawa, naitirojin daidai gwargwado, fosfaras kaɗan. Tun a 1934 wani masanin teku ɗan Amurka, Alfred Redfield, ya lura cewa ƙananan halittun teku suna ɗauke da waɗannan ukun a kan ƙiyasi kusan ɗaya, wanda daga baya aka tsayar a kan 106 da 16 da 1. Na bakteriya ya ɗan bambanta, amma tsarin ɗaya ne. A tankin da naitirojin da fosfaras suka yi yawa, kabon ne ya yi ƙaranci, kamar magini ne ga yashi ga ruwa amma ba siminti. Kana kawo kabon sai gini ya kankama. Ƙwayoyin su ninka, su zuƙe naitiret da fosfet su mayar da su tsokar jikinsu. Daga nan wata na'ura mai tayar da kumfa ta kwashe su, ta tara su a wani ɗan kofi, baƙi mai wari, mai tanki ya zubar.

Su ma suna ƙonewa in sun yi gaggawa. In kabon ya yi yawa ruwa yakan yi fari kamar an zuba nono, iska ta ƙare, kifi ya mutu cikin dare. In kuma suka tsotse sinadaran har suka ƙare ƙaf, murjanin da kansa yakan yi fari fat don yunwa.

[Kiɗa]

Mu dawo gida. Wannan ilimin, Malam manomi, ka riga ka gan shi da idonka. Ka tuna shekarar da ka binne ɗanyen kara ko ɓuntun shinkafa ko dusar katako a gona dab da shuka, masara ta fito ta yi rawaya kamar ba ka sa taki ba? Ƙwayoyin ƙasa ne suka sami kabon mai yawa a cikin karan, suka kama naitirojin ɗin da ke ƙasa suka riƙe don su narkar da shi, suka bar masara da yunwa. Abin da ya cuce ka a gona, shi ne mai kifi yake nema a tankinsa. Yana so a kama naitirojin a riƙe.

Domin naitirojin shi ne dafin tanki. Abincin tarwada yana da furotin kashi 35 zuwa 45 cikin 100, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu kawai na naitirojin ɗin da ke cikinsa yake zama naman kifi. Saura ruwa yake komawa, mafi yawa a matsayin amoniya da ke fita ta ƙaiƙayin kifi, wato jan abin nan da yake numfashi da shi. Amoniya ita ce warin da ke bugun hanci a makewayin da ba a wanke ba. Tana ƙona wurin numfashin kifi, ta hana shi cin abinci, ta buɗe wa cuta ƙofa. In ka ji mai kifi ya ce ruwa ya lalace, kifi ya ƙi ci, yawanci ita ce.

Masana kiwon kifi sun fara gwada dabarar kama naitirojin da ƙwayoyin bakteriya tun shekarun 1970, a cibiyar binciken teku ta Faransawa da ke tsibirin Tahiti, a kan jatan lande. Wanda ya zaunar da lissafinta shi ne Farfesa Yoram Avnimelech na jami'ar Technion a Haifa, a wata takarda da ya buga a 1999. Sunan da aka san tsarin da shi yau shi ne bayofulok. Lissafinsa mai sauƙin riƙewa ne: kowane giram 1 na naitirojin ɗin amoniya yana buƙatar kimanin giram 20 na abu mai suga ko sitaci kafin ƙwayoyin su cinye shi.

Mu yi lissafin tare, mai biro ya ɗauka. Kilo 1 na abinci mai furotin kashi 40 yana da giram 400 na furotin. Kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, ke nan giram 64. A ce rabinsa ya fita a matsayin amoniya, giram 32. Ka ninka sau 20, ka sami giram 640. Wato a kan kowane kilo na abinci, fiye da rabin kilo na suga ko makamancinsa, in har kabon kaɗai ka dogara da shi. Wannan shi ne iyakar sama. In tanki ya yi makonni, wasu ƙwayoyin na daban sukan zauna, masu juya amoniya zuwa naitirait sannan naitiret, sai buƙatar kabon ta ragu sosai. Amma lissafin ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, cokali biyu da ake nunawa a bidiyo ba zai yi wa tankin kifi dubu komai ba. Na biyu, da farin suga na kanti abin ba zai biya ba.

Alhamdu lillahi, kabon mai araha bai yi mana wuya ba. Akwai molasis, baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura a masana'antun suga irin na Numan da Sunti, wanda masu kiwon shanu suka san shi. Akwai mazarƙwaila. Akwai garin rogo, da dusar masara, da dusar shinkafa, da ta alkama. Halinsu ya bambanta. Suga da molasis da mazarƙwaila suna aiki cikin sa'o'i, su sauke amoniya da sauri, su kuma zuƙe iska da sauri. Dusa da garin rogo a hankali suke saki, ba sa girgiza ruwa, amma ba za su cece ka ba ranar da amoniya ta yi tsalle. Dusa sai an niƙa ta lukui an tankaɗe, in ba haka ba ƙasa za ta kwanta ta ruɓe.

A nan ne muka fi masu murjani morewa. Su kwashe ƙwayoyin suke yi su zubar. A tankin kifi kuwa, ƙwayoyin suna manne wa juna da gansakuka da ɓurɓushin abinci, su zama 'yan gudaji masu yawo kamar gayan kunu, ruwa ya koma launin shayi mai madara. Gudajin nan, in an busar da su, furotin ɗinsu yakan kai kashi 25 zuwa 50. Kifi ya ci su. Naitirojin ɗin da ka saya da kuɗinka, wanda da kwata zai bi, ya sake komawa cikin kifi karo na biyu. Karfasa ta fi kowa iya wannan ci domin tace ruwa take yi. Tarwada ba ta kai ta ba, ko da yake 'ya'yanta ƙanana suna amfana, don haka mai babbar tarwada ya sa ransa a kan ragin ruwa da mai, kada ya yi tsammanin buhun abinci zai ragu da rabi.

[Kiɗa, gajere]

Yanzu ga sharaɗin, kuma ina roƙon duk wanda hankalinsa ya tafi wani wuri ya dawo da shi.

Ƙwayoyin nan numfashi suke yi. Iskar oksijin da kifi yake shaƙa a ruwa, ita suke shaƙa, kuma in suka sami suga suka ninka, sukan sha fiye da abin da kifin yake sha. Ruwa dama ba ya riƙe iska da yawa: kimanin miligiram 9 a lita in sanyinsa digiri 20 ne, ya sauka zuwa wajen 7 da rabi a digiri 30. A watan Afrilu, da zafin Katsina yake haura digiri 40, ruwan tamfol da ke rana ya fi haka talauci. Tsarin bayofulok yana buƙatar injin hura iska ya yi aiki dare da rana, ba hutu, don iskar ta tsaya a kan miligiram 4 zuwa 5 ko sama, kuma don ruwan ya riƙa motsi gudajin su ƙi kwanciya. In injin ya tsaya a tanki mai cunkoso, iskar tana iya ƙarewa kafin awa guda. Gudajin da suka kwanta kuma su fara ruɓa, su saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ita ma dafi ce.

Na ga wannan da idona a gidan wani ƙanena, yaro mai himma da ya tara kuɗin tankinsa da guminsa. Ya zuba mazarƙwaila da la'asar, ba shi da injin iska ko ɗaya. Da asuba ruwan ya yi kumfa yana tsami, 'ya'yan kifin da bai fi wata guda da sayowa ba suna kwance a sama. Ban manta yadda ya tsaya riƙe da kwando bai ce uffan ba. Ba ganganci ya yi ba, rabin magana aka ba shi.

Tarwada kuma tana ruɗin mai ita. Allah ya yi mata wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a laka bayan tafki ya janye. Sai mutum ya ga kifinsa bai mutu ba ya ɗauka lafiya lau. Alhali kifin da ya wuni yana hawa sama yana haɗiyar iska ƙarfinsa yake ƙonawa, ga rauni a fata, ga girma ya tsaya. Ƙananan kuwa, waɗanda gaɓar ba ta gama ƙwari ba, su ne suke fara tafiya.

Don haka ra'ayina a fili yake. Wanda ba shi da wutar da zai dogara da ita awa 24, wato sola da batirin da zai kai shi asuba, da janareta a ajiye ko injin iska na biyu, kada ya zuba suga a tankinsa. Ko cokali ɗaya. Kuɗin da za a fara kashewa na iska ne da kayan awo, kabon shi ne na ƙarshe a layi.

Kayan awon ba su da yawa. Akwai 'yan kwalabe na gwada amoniya da naitirait da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ana ɗiga su a ɗan ruwa a duba launi. Akwai mazurari mai lamba da ake kira Imhof: ka ɗebi lita 1, ka ajiye minti 15 zuwa 20, ka duba yawan abin da ya kwanta. Ga karfasa ana son mililita 25 zuwa 50. In ya wuce, ka tsayar da kabon, ka buɗe bututun ƙasa ka zubar da laka. Ashe ke nan ba a daina zubar da ruwa ɗungurungum, raguwa yake yi ƙwarai. Tanki mai zagaye, mai gangare zuwa tsakiya, ya fi mai kusurwa huɗu, domin a kusurwa laka take ɓuya.

Sai maganar kanwa, don na san hannu can zai fara zuwa. Ruwan bayofulok yana yin tsami a hankali, kuma gaskiya ne yana buƙatar abin da zai tare tsamin. Amma kanwa tana da ƙarfi, ba a kuma san gwargwadon ƙarfin kowane ƙulli ba, tana iya cilla pH sama farat ɗaya. Haɗarin shi ne, a pH 7 ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniya ne yake cikin siffarsa mai kisa, amma a pH 9, cikin ruwa mai ɗumi, ya kai wajen kashi 40. Ruwan da kifi yake zaune lafiya a cikinsa da safe sai ya zama ajalinsa da rana. Masu wannan tsari bakin-soda suke amfani da shi, farin garin nan na masu kek, kaɗan-kaɗan, suna aunawa. Gishirin girki kuma yana rage cutarwar naitirait, wanda yakan taso a makonnin farko ya mayar da jinin kifi ruwan ƙasa. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sanyi yana rage wa ƙwayoyin kuzari kamar yadda yake rage wa kifi ci, sai a rage abinci a rage kabon tare.

[Kiɗa]

Ko akwai inda talaka ya yi wannan ya ci riba? Akwai. A Indunusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, tarwada irin tamu ta Afirka suke kiwo, suna kiranta lele, a tankunan tamfol masu zagaye da tsarin bayofulok. Ma'aikatar kifi ta ƙasar ta raba irin waɗannan tankuna har ga makarantun kwana na addini, ɗalibai suna ci suna sayarwa. Duk lokacin da na tuna wannan sai tsangayunmu su faɗo mini a rai. Sai dai tankin ba shi kaɗai ake miƙawa ba, da injin iska yake zuwa da horo.

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon wannan tarwada. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, kuma a nan ƙofar gidanmu muna da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, inda ake koyar da ilimin kifi da kiwonsa. Abin da nake fata daga malamanmu na can shi ne gwaji da kayanmu: dusar geronmu da ta dawa, ruwan rijiyoyinmu, zafin Afrilunmu, da lissafin nawa sola za ta ci a shekara in an kwatanta da man canjin ruwa. A kuma faɗa mana sakamakon da Hausa. Masu kifi su ma su haɗa kai, mutum biyar ko goma su sayi kayan awo ɗaya suna karɓa-karɓa, su ware tanki guda ƙarami na gwaji, kifi kaɗan a ciki, a fara da rubu'in abin da lissafi ya bayar, a raba shi sau biyu ko uku a wuni, a narkar da shi a bokiti kafin a zuba, da hantsi bayan kifi ya ci, ana rubuta awon kowace rana a littafi.

Wanda kuma bai kai ga sola ba tukuna, yana da wata hanyar da ba ta buƙatar wuta. Ruwan nan mai ƙarni da ke bin kwata yana damun maƙwabta, naitirojin da fosfaras ne narkakku, abin da masu lambu a bakin Zobe suke saye a buhu. A ja bututu zuwa bayan gida, a yi kunya huɗu ko biyar, a sa alayyafo da yakuwa da tumatir, a dasa zogale da ayaba a gefe. A zuba a gindin shuka, kada a watsa a kan ganyen da za a ci ɗanye, kuma ranar da aka sa wa kifi magani ko gishiri mai yawa, a kauce wa lambun da ruwan wannan rana.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko da ita ta hanyoyin da aka saba, ya faɗa mana girman tankinsa da yawan kifinsa da kilo nawa yake ba su a rana, za mu yi lissafin tare a shiri na gaba.  

[Kiɗan rufe shiri]